Babu Sunan Sawsan a Takardar Rasuwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina buga takardar rasuwa a unguwarmu ta Musaitba, tun mijina yana raye har ya tafi ya bar mini shagon. Duk wanda ya mutu a layinmu, ta hannuna sunansa yake bi kafin ya hau bango. Tsarin takardar ba ya canzawa: sunan mamaci a tsakiya, ƙarƙashinsa miji ko mata, sai 'ya'ya, sai 'yan'uwa, sai surukai. Wanda sunansa ya fito shi ne mai zaman makoki, shi ake miƙa wa hannu. Wanda bai fito ba baƙo ne, ya sha gahawa mai ɗaci ya kama gabansa. Na buga dubbai, ban taɓa jin kunyar ko ɗaya ba sai ta Widad, kuma ita ce ta sa na zauna rubutu yau.

Widad da Sawsan a hawa na huɗu suke, saman shagona, shekara ashirin da biyu. Widad malamar lissafi ce, Sawsan tana aiki a kantin magani. "'Yan matan hawa na huɗu" ake ce musu, ko da furfura ta gama cin kansu. Kowa ya sani, babu mai faɗa. Shekara goma da suka wuce suka je Denmark, suka dawo da zobe iri ɗaya da takardar aure. Ni mai salla ce, na san abin da liman yake cewa a kan wannan, kuma ban zo jayayya da shi ba. Abin da idona ya gani zan faɗa. Takardar ni Sawsan ta kawo wa in rufe mata da leda, kuma a gurbin shaida na ga sa hannun Ustaz Nazih, ƙanen Widad, wanda ya bar aikin jakadanci ya koma wani kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam a Geneva.

Wata safiya cikin sanyi Widad ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Babu wuta, lif ba ya aiki, don haka Sawsan da mai gadin benen suka sauko da ita hawa huɗu a kan kujera. Na rufe shago na bi su asibiti.

Matar da ke kan teburin karɓar marasa lafiya ta dubi Sawsan ta ce, "Ke mece ce a wurinta?"

Sawsan ta ciro takardar auren daga jaka ta miƙa mata. Matar ta juya ta gaba da baya kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Wannan ba ta aiki a nan, Sitt. Ki kira mana ɗan'uwanta na jini, shi zai sa hannu."

"Ni na san magungunanta. Ni na san abin da jikinta ba ya so."

"Ban musa ba. Ki kira mana na jini."

Sai da Sitt Rabab, babbar yayar Widad, ta sauko daga gidanta da ke Aramun, can kan dutse, aka samu mai sa hannu. Rabab rabonta da taka gidan ƙanwarta shekara shida. Ta shigo tana salati da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta sa hannu, aka buɗe mata ƙofa. Sawsan ta zauna a benci tare da ni, tana tambayar duk ma'aikaciyar jinyar da ta fito ko Widad ta buɗe ido.

Ustaz Nazih ya sauka a rana ta uku. Mutum ne mai daɗin baki, irin wanda zai hana ka abu ka tafi kana yi masa godiya. Ya duba hagu da dama, ya ga babu kowa a barandar sai ni, sannan ya sumbaci goshin Sawsan.

"Ki bar komai a hannuna, 'yar'uwa. Rabab lallaɓa ta ake yi. Ai aikina ke nan, na shawo kan ƙasashe, balle Rabab?"

Sawsan ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Nazih. Na yi mata alkawari ba zan bar ta a hannun kowa ba. Ku bar ni kusa da ita har Allah ya yi ikonsa. Ba na son komai bayan wannan."

"Wa zai raba ku?" in ji shi, ya dafa ƙirji.

Aka dawo da Widad gida ba ta magana. Idonta yana gani, hannun hagu yana motsi, shi ke nan. Ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai Sawsan. In Rabab ta kawo cokali sai ta datse haƙora ta juya kai bango, in Sawsan ta zauna da miyar ƙananan waken nan da muke kira adas, da lemun tsami, sai ta buɗe baki. Rabab ta ce za ta kwana bakwai ta taimaka. Ta zo da akwati uku.

A mako na farko ta ce dangi za su riƙa zuwa dubiya, kuma bai kamata su ga kayan mutum biyu a ɗaki ɗaya ba. Ta kwashe kayan Sawsan ta kai ɗakin 'yar aiki da ke bayan kicin, wanda ko taga ba shi da ita. Na hau da rana na tarar da Sawsan tana jera takalmanta a ƙarƙashin ƙaramin gado.

Na ce, "Sitt Rabab, wannan matar fa shekara ashirin da biyu tana gidan nan."

"To, Imm Zuhair, korar ta na yi? Ga ɗaki, ga gado. Ƙanwata nake rufa wa asiri. Kina so matar kawu ta shigo ta fita da magana a bakinta?"

A mako na biyu ta cire zoben hannun Widad, wai yatsa yana kumbura. Na duba yatsan, babu abin da ya same shi. Widad ta yi ta shafa wurin da babban yatsanta, tana kallon ƙofar kicin. In baƙi suka zo, Rabab takan ɗaga murya ta ce, "Sawsan, kawo gahawa!" Sannan ta juya ta ce musu, "Mai jinya ce, tana da hannu mai kyau, Allah ya saka mata." Sawsan ta riƙa ɗauko faranti tana zagayawa da kofunan da ita ta saya da hannunta. Ta daina zuwa aiki, ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Da na ce ta buɗe baki ta yi magana, sai ta ce, "In na yi faɗa za su raba ni da ita. Su kira ni abin da suka ga dama, muddin ni nake ba ta abinci."

A wannan tsakanin na ga Ustaz Nazih a talabijin. Ya koma Geneva na kwana biyar, yana tsaye da baƙar kwat yana magana da Faransanci, ana fassarawa a ƙasa. Cewa yake auren da aka ɗaura bisa doka a wata ƙasa bai kamata ya narke a filin jirgin wata ƙasar ba, kuma babu zaluncin da ya kai a hana mutum tsayawa a kan gadon wanda ya rayu da shi. Aka tafa masa. Wallahi ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Da ya dawo ya leƙo shagona gaisuwa, na zuba masa gahawa.

"Ustaz, na gan ka a akwati. Bakinka kamar zuma. Da wannan mai jawabin zai zo hawa na huɗu, da an huta."

Ya yi dariya. "Imm Zuhair, ba kya canzawa."

"Sawsan a ɗakin 'yar aiki take kwana. Ka sani?"

Ya ajiye kofi. "Can taro ne, nan gida ne. Can muna shuka abin da jikokinmu za su girba. Irin wannan abu a hankali ake bin sa, in ka ja da ƙarfi ya tsinke. Ina da 'ya da ake neman aurenta, dangin yaron mutanen masallaci ne. Kina so in rusa mata rayuwa saboda ɗaki?"

"Amma hannunka ne a takardar."

"Na sa hannu don ina son yayata. Ban ce zan manna ta a bangon Musaitba ba."

Ranar da suka ɗauke Widad, Rabab ta aiki Sawsan neman wani magani da ta san ba a samunsa sai an tsallaka gabashin gari. Ko rabin awa ba a yi ba motar asibiti ta tsaya a ƙofar shagona. Maza biyu suka sauko da Widad a kan gadon ɗauka. Da suka iso ƙofar bene ta miƙa hannun hagu ta kama ƙarfen ƙofar, ta riƙe gam, wani sauti yana fita daga maƙogwaronta. Nazih ya sunkuya yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Iskar dutse za ta yi miki kyau, Yaya. Kwana kaɗan ne." Ina tsaye da tawada a hannuna ina kallo. Na ce, "Ku jira Sawsan mana." Rabab ta ce likita ne ya ba da umarni, aka rufe mota. Iyakar abin da na yi ke nan.

Daga ranar, kullum ƙarfe bakwai na safe Sawsan takan sauko da ƙaramar tukunya a naɗe cikin tawul, ta hau mota biyu zuwa gidan Rabab a Aramun, inda aka kai Widad. Da farko suna barinta rabin awa, Rabab tana zaune a kujera tana kallon agogo. Bayan kwana goma aka ce ganinta yana tayar wa Widad hankali, domin in za ta tafi sai Widad ta yi ta kuka. Aka koma mai gadin Rabab ya karɓi tukunya a bakin ƙofa, ita kuma ta zauna a kan dakali har la'asar ya dawo mata da ita. Kullum tukunyar a cike take dawowa.

"Ba ta ci, Imm Zuhair," ta ce da ni wata rana, ta buɗe murfin ta nuna mini. "Na san ba za ta ci daga hannunsu ba. Na roƙi Rabab ta bar ni in shiga minti goma kawai, in ba ta cokali biyar in fita, ba sai na zauna ba. Ta ce wai ni na sangarta ta."

"Nazih fa?"

"Ya ce yana kan magana da ita. Ya ce an samu ci gaba."

Ranar wata Laraba, Sawsan ta fita da tukunyarta kamar kullum. Ƙarfe takwas Ustaz Nazih ya shigo shagona da baƙin tabarau da takarda a hannu. Ban buƙaci ya faɗa ba. Ashe kwana biyu da suka wuce an mayar da Widad asibiti ba a gaya wa Sawsan ba, kuma da asubahin ranar ta cika. Na yi salati, na yi kuka, na karɓi takardar na karanta. Akwai sunan Nazih da muƙaminsa cikin layi biyu. Akwai Rabab da mijinta da ya mutu tun zamanin yaƙi. Akwai matar Nazih, da 'ya'yan Rabab da ke Kanada waɗanda ba za su gane Widad a hanya ba.

"Ina Sawsan?"

"Na yi tunani a kai," in ji shi. "A ƙasa za a iya cewa iyali suna godiya ga duk waɗanda suka yi jinya. Kin ga ta shiga ciki."

"Kai Ustaz, ka ji tsoron Allah."

"A ƙarƙashin wane suna zan sa ta? Faɗa mini. In na rubuta gaskiya, wane liman ne zai yi wa Widad salla da zuciya ɗaya? Bayan azahar za a binne ta. Ina roƙonki, kada a manna ko ɗaya sai mun dawo, kuma kada ki kira Sawsan. In ta zo ta faɗi a kan gawa tana faɗin abin da ke ranta a gaban mutane, asirin Widad za a tona, ba nawa ba. Ki bar baiwar Allah ta shiga kabarinta da sutura."

Maganar sutura ce ta kama ni. Na daɗe ina zagin Rabab da Nazih a raina, amma da aka zo kaina, kalma ɗaya ta ishe ni. Na ɗauki waya sau uku na ajiye. Na buga kwafi arba'in. Sai da suka fito daga inji na lura hannuna ya yi abin da ya saba: ƙarƙashin sunan Widad, inda ake sa miji ko mata, na bar layin fili ban matso da sauran sunayen sama ba. Nazih bai kula ba, sunansa yake dubawa ko an rubuta muƙamin daidai.

Bayan la'asar, an riga an manna takardun daga ƙofarmu har bakin masallaci, Sawsan ta sauko daga mota. Rabon da in ga tana murmushi na manta. Ta ɗaga tukunya tun daga nesa.

"Imm Zuhair! Ta ci! Duba, babu ko ɗigo. Mai gadi ya ce tana barci, amma ta cinye duka. Gobe zan ƙara lemun..."

Sai idonta ya sauka a bangon da ke bayana. Gam ɗin bai gama bushewa ba. Ta matsa kusa ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, leɓenta yana motsi. Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta dube ni.

"Ke kika buga?"

"Ni ce."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ƙarfe takwas."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye tukunyar a bakin ƙofar shagona ta hau bene. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari aka zauna makoki a zauren da ke gefen masallaci. Na ce mata kada ta je, ta sa baƙaƙen kaya ta ce in raka ta. Iyalin suna jere daga bakin ƙofa, Nazih a farko, Rabab a kujera da carbi. Sawsan ta shiga layin baƙi, bayan mai sayar da kayan miya. Ta miƙa wa Rabab hannu ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Rabab ta ba ta kan yatsu ta ce, "Mun gode da wahalar da kika yi mana."

Muna cikin shan gahawa sai ga abokan aikin Nazih daga ofisoshin jakadanci, su huɗu. Cikinsu akwai wata Baturiya doguwa mai farin gashi. Na yi makarantar Faransanci kafin aure, don haka na ji abin da ta ce. Ta ce ba ta manta labarin da ya ba su a Geneva ba, yadda ya tsaya shaida a auren yayarsa, kuma tana so ta yi wa matar marigayiyar ta'aziyya da kanta. Nazih ko gezau bai yi ba. Ya jagorance ta har inda muke, ya sunkuyar da murya, ya ce da Faransanci, "Ga ta nan. Wannan ita ce matar yayata, shekara ashirin da biyu suna tare." Baturiyar ta kama hannun Sawsan da hannu biyu, tana cewa samun suruki irin Nazih a wannan yanki sa'a ce babba.

Matar kawunsu, tsohuwa mai nauyin kunne, ta ja rigar Nazih. "Me ka ce mata? Wace ce wannan da Turawa suke gaisarwa?"

"Mai jinya ce, Inna. Suna yaba mata ne."

Sawsan ta zare hannunta daga na Baturiyar ta miƙe tsaye. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma zauren ya ji.

"Nazih, abin da ka faɗa yanzu da Faransanci, faɗe shi da Larabci."

Kofuna suka tsaya a hannun mutane.

"Sau ɗaya kawai. Ga danginku, ga maƙwabta, ga liman. Ba na son gida, ba na son kujera a layinku. Ka faɗa da harshen da Widad ta yi maka magana da shi tun kana goye, in tafi."

Mutumin da ya yi jawabi a gaban ƙasashen duniya ya dubi Rabab, ya dubi surukan 'yarsa da ke zaune a gaba, sannan ya yi murmushin nan nasa.

"Gajiya ce," ya ce wa jama'a. "Ta sha wahala, baiwar Allah. Imm Zuhair, taimaka ki kai ta gida ta huta."

Sannan ya juya ya gaya wa Baturiyar cewa baƙin ciki ne ya yi mata yawa. Ni kuma, da kunya nake faɗa, na kama hannunta na fitar da ita.

A ƙofar shagona ta tsaya ta ce in ara mata biro. Ta je gaban takardar da ke bangonmu, ta sa yatsa a filin nan da hannuna ya bari, ta rubuta da kyakkyawan rubutu irin na masu kantin magani: "Matarta, Sawsan." Ta wuce ta gaba, a jikin falwaya, ta rubuta. Ta wuce ta gaban gidan burodi. Rana tsaka, mutane suna leƙe ta baranda, wasu suna tsaki, wasu suna jan 'ya'yansu ciki, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba har ta kai bakin masallaci. Arba'in na buga, arba'in ta rubuta.

Kafin magariba Rabab ta turo mai gadinta da wuƙar kankare fenti ya bi layin ya kankare su duka. Bayan kwana uku aka canza makullin hawa na huɗu, domin gidan da sunan mahaifinsu yake. Sawsan ta fita da akwati biyu da takardarta mai leda, ta koma wajen wata 'yar'uwarta a Saida. Zoben Widad ta roƙa, Rabab ta ce ba ta san inda ya faɗi ba. Ustaz Nazih ya koma Geneva kafin sadakar bakwai, an ce akwai muhimmin zama da ba zai yiwu ya rasa ba.

Ban san hukuncin da Allah zai yi wa Widad da Sawsan ba, ba a ba ni wannan littafin ba. Amma na san wanda ya ɓamɓare yatsun mara lafiya daga ƙofarta, na san wadda ta bar ta ta ƙi abinci har ta mutu don kada matar kawu ta yi magana, kuma na san wadda ta riƙe waya sau uku ta ajiye. Dukanmu sutura muka ce muna yi wa Widad. Kanmu muka rufe da ita.

Akwai kwafin gwaji ɗaya da ya rage a injina. Ranar da Sawsan za ta tafi na fito da shi na miƙa mata biro, na ce in ta rubuta zan manna shi ta cikin gilashin shagona, inda wuƙar kowa ba za ta kai ba. Ta dubi takardar, ta dubi biron, ba ta karɓa ba.

"Na rubuta nawa sau arba'in, Imm Zuhair," ta ce. "Ke kike da inji."

Ta ɗauki akwatunanta ta shiga mota. Takardar tana nan cikin aljihun teburina, layin yana nan fili. Kullum da safe in na kunna injin sai na ciro ta na duba, sannan wani ya shigo da sunan mamacinsa, in mayar da ita in rufe.